Gyaran da Na Yi wa Malama Asabe

Akuyar Inna ce ta kai ni Abuja. Daina dariya, Nasiru, ba hawanta na yi ba. Jar akuya ce mai haihuwa biyu-biyu, jikar wadda Inna ta zo da ita daga gidansu a Masama lokacin aurenta. Ranar kasuwar Kalgo aka sayar da ita, Inna ta ƙulle kuɗin a bakin zane, da muka koma Wurogauri ta ja ni bayan rumbu ta kwance ta ba ni, wai don kada Baba ya gani. Baba ya gani mana. Mutumin da ya kwana biyu bai ji kukan akuya a gidansa ba ai ba sai an gaya masa ba.

Da na je yi masa sallama yana zaune yana ɗinke bakin buhu. Bai ɗago ba.

"Mi za ka nema can wanda babu nan?"

"Aiki, Baba."

"Wanga da muka yi wasa na?"

Ya ce to, in tafi in gani da idona, Allah ya tsare.

Ku da kuka taso kuka tarar da kakanku ya tsufa, ba ku san shi a bakin aiki ba. Mai awo ne, a wannan rumfar da muke zaune yanzu. Tun ban kai tsawon buhu ba nake gefensa. Mudu ya cika ya yi tozo, mai saye ya buɗe bakin jakarsa, a juye, sannan a mayar da hannu cikin buhu a ɗebo tafi guda a ƙara masa. Gyara ke nan. Ban taɓa ganin Baba ya sallami mutum babu shi ba, ni ma haka hannuna ya tashi, ba sai na yi tunani ba. To tunda kai Nasiru ka ɗaure kaya za ka tafi bayan girbi, ke kuma Hafsatu kina zuga shi, ku zauna ku ji yadda wannan hannun nawa ya ɗora aikina da mutuncin wata dattijuwa a kan tafi guda na wake.

Mun bi ta Jega, Yawuri, Kontagora, har bayana ya manta yadda ake miƙewa. A Mararaba na sauka, wurin wasu 'yan garinmu masu tura baro. Mu biyar a ɗaki guda, in ɗaya zai juya sai ya nemi izinin sauran. Mai gidan wani gajere ne mai yawo da tawul a wuya, bai taɓa kiran ɗayanmu da sunansa ba. Kwanana uku ya buga ƙofa.

"Aboki, mene ne ya mutu a ɗakin nan?"

"Ba abin da yam mutu."

"To wannan warin fa?"

"Daddawa ta, Innata tab ba ni."

"Ka fitar da ita ko ka fita da ita!"

Na rataye ta a bishiyar mangwaron bayan gida. Kafin mako ya zagayo matarsa ta aiko a sam mata kaɗan.

Na tura baro, na yi dako, na wanke motoci. Daga baya na samu shiga dakon wani katafaren kanti a cikin gari, irin wanda suke kira sufamaket. Ni dai wata biyu ina ce masa safa-makit, har yaran wurin suka laƙaba mini sunan. Ta ƙofar baya muke shiga da buhuna. Ranar da na fara leƙa ciki sai da na tsaya. Sanyi kamar an buɗe randa, fitilu da rana tsaka, kaya jere har sama, kuma babu mai kiran kowa. Ba "zo ka gani", ba "nawa za ka ba ni". Mutane na tura wani kwandon ƙarfe mai taya, wai turoli, suna ɗiba suna jefawa shiru kamar masu zaman makoki. Na ce a raina wannan wace irin kasuwa ce da ba a gaisawa?

Wata rana aka kawo wake. Ina ɗora buhu na uku a kafaɗa na ji bai yi mini ba. Na sauke, na soka hannu, na shinshina. Na ce wa mai karɓar kaya wannan waken ƙwari sun fara cinsa daga ciki, ba zai yi wata ba. Ya ce in yi abin da aka ɗauke ni yi. Wata ma'aikaciya da ta fito shan iska ta juyo.

"Kai, sake faɗin abin da ka ce."

"Na ce wanga wake ba shi da lahiya."

Ta fashe da dariya. "Wanga! Ɗan Kabi ne wallahi. Daga ina?"

Sunanta Rifkatu, 'yar Zuru ce, kashiya ce a wurin, wato mai karɓar kuɗi a bakin fita. A gida da wuya in ce mun haɗa wani abu da mutumin Zuru, amma a Abuja sai ta zama kamar yayata. Ita ta kira manaja, aka farke buhun, aka ga gaskiyata. Manajan ba Bahaushe ba ne, a Zariya ya yi karatu, Hausarsa ba ta da yawa amma ta ishe shi faɗa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce gobe in zo da wanka, za a sa ni a teburin awo. Aka ba ni riga mai tambari da hula irin ta masu tuya. Ranar na kira Inna na ce mata akuyarta ta haihu.

Teburin awo yana can ƙarshen kanti. Manyan robobi ne cike da shinkafa, wake, gero, gyaɗa. Mutum ya nuna abin da yake so, in zuba a leda, in ɗora a sikeli, in danna hoton kayan, sai sikelin ya tofo wata 'yar takarda mai gam. In ɗaure ledar in manna. A jikin takardar akwai wani zane na layuka baƙaƙe, wasu sirara wasu masu kauri, suna ce masa bakod. Ni na ɗauka ado ne. Rifkatu ce ta zaunar da ni lokacin cin abinci ta warware mini.

"Rubutu ne, Bello. Lambobi ne aka rubuta da layi. Ka ga jan hasken da ke fitowa ta gilashin teburina?"

"Mai yin ƙit?"

"Shi. Sikana ke nan. In ya haska takardar, inda yake fari hasken ya dawo, inda yake baƙi ya shanye shi. Akwai wani ido a ciki da ke lura da inda ya dawo da inda bai dawo ba, da faɗin kowane layi. Daga nan ya haɗa lamba ya miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta san lambar nan wake ce. Takardar teburinka har nauyin ledar tana ɗauke da shi."

Na jima ina juya takardar. Wato ni da na yi allo na yi firamare ban iya karanta ta ba, amma fitila ta iya. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Shi ma sikelin, wani mai gyaransa ya taɓa buɗe shi a gabana. Babu dutse, babu sarƙa. Wani ɗan guntun ƙarfe ne a ciki da ke lanƙwasawa kaɗan in an ɗora kaya, lanƙwasar da ido ba ya gani, sai wasu siraran wayoyi da ke manne da shi su ji, su mayar da ita lamba. Ƙwayar wake goma in ka ƙara, ya sani.

Dokar manaja guda ce, kuma kullum sai ya maimaita ta.

"Abin da sikeli ya ce, shi ke nan. Ba ƙari, ba ragi. Ka ji?"

"Na ji, ranka shi daɗe."

Kunnena ya ji, hannuna ne bai ji ba. Duk ledar da na auna sai in ga hannun dama ya koma cikin roba da kansa, ya tsaya a iska. Wani lokacin ma mutum ya ce kilo ɗaya cif yake so, sai in riƙa tsince ƙwayoyi ina mayarwa a gaban idonsa. Kunya kamar ta kashe ni. A kasuwar nan wanda ya rage mudun da ya cika, sai an shekara ana ba da labarinsa.

Sai na samo dabara, kuma ranar har daɗi na ji don na ga kaina da wayo. Akwai kyamara a sama, amma in na juya baya don ɗaure leda, jikina yana kare ta. Sai in auna, takarda ta fito, in juya, in ɗebo tafi guda in jefa, in ɗaure, in manna. Ba kowa nake yi wa ba. Tsofaffi, da mata masu goyo, da duk wanda ya yi mini sallama kafin ya nuna kaya. Ba su sani ba, ni kaɗai na sani, in suka tafi sai in ji zuciyata ta yi sanyi, in ce na yi ciniki irin na mutane.

A cikinsu akwai Malama Asabe. Dattijuwa ce mai tabarau da 'yar jakar hannu baƙa, kowace Alhamis take zuwa sayen wake. Ran farko da ta ji maganata ta ajiye kwandonta.

"Ɗana, Gwandu ko Argungu?"

"Kalgo, Mama. Amma uwata 'yar Masama ta."

"Masama! Na sha zuwa biki can."

Ashe a ƙuruciyarta ta yi shekaru tana koyarwa a wata firamare a Gwandu, kafin ta bi mijinta, kafin ya rasu ta dawo wurin 'yarta a Abuja. Takan tsaya ta tambaye ni ko har yanzu ana noman albasa a fadama, ko hanyar Ceberu tana nan da yashinta. Ta ce mutanen Gwandu sun riƙe ta da mutunci, ita Kirista baƙuwa, ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya. Ita kam tafin da nake ƙara mata har tozo yake yi.

An yi watanni haka. Rannan aka zo aka canza teburan kashiyoyi gaba ɗaya. Da aka tashi cin abinci Rifkatu ta same ni.

"Bello, sabon teburina yana da sikeli a ƙarƙashin gilashi. Duk ledar da ka manna wa takarda, in na ɗora zai sake aunawa. In bai yi daidai da abin da takarda ta ce ba, sai ya yi kuka."

"To."

"Ka ji ni ko?"

Ta daɗe tana kallona. Ashe ita da ke ɗaga ledojin nan kullum, hannunta ya riga ya gaya mata. Na ce na ji, kuma na daina. Har hannun nake cusawa a aljihu in na auna.

Alhamis biyu Malama Asabe ba ta zo ba. A ta uku ta shigo tana dafa turoli kamar sanda, ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita, yau ne ta fara jin marmarin alala. Muna hira ina auna mata, ina yi mata sannu. Takarda ta fito, na juya, na ɗaure, na manna. Wallahi sai da ta yi nisa na dubi tafina na ga garin wake a jiki.

Daga teburina ana hango bakin fita. Na ga ta shiga layin Rifkatu. Na ga ledar ta hau gilashi. Na'urar ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, fitila ja ta kama. Rifkatu ta ɗaga ta sake ɗorawa, ya sake yi. Kafin ta yi wani abu mai gadi ya iso, manaja na biye da shi. Dama sun daɗe suna zargin akwai masu kwance leda su ƙara kaya bayan an auna, don haka ma aka kawo teburan. Ga shi sun kama na farko.

Muryar manaja har inda nake.

"Mama, kin buɗe ledar nan?"

"Ban buɗe ba."

"To waken da kansa ya ƙaru?"

Layi ya tsaya. Mutanen da ba sa kallon juna a kantin nan, ranar duk suka samu abin kallo. Wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗauka. Ita kuwa tana tsaye, ta cire tabarau ta mayar, ta sake cirewa.

Nan ne wurin da ba na son faɗa, amma don shi na tara ku. Ban tashi ba. Wani mutum ya zo ya ce in auna masa shinkafa, na auna masa. Na ɗaure, na manna, har na ce ya gaida gida. Ina tunanin rigar nan mai tambari, da akuyar Inna, da yadda zan shiga Wurogauri hannu rabbana. Ina ce wa kaina ai tsohuwa ce, za su yi mata faɗa su sake ta. Rifkatu ta ɗago ta dube ni ta tsakanin kantoci. Ba ta kira sunana ba, ba ta nuna ni ba, kallo kawai. Na sunkuyar da kai ina goge sikelin da ba shi da datti.

Sai na ji manaja ya ce wa mai gadi ya buɗe jakar hannunta a duba ko akwai wani abu. Na ga ta rungume jakar a ƙirji da hannu biyu. Ban san lokacin da na zagayo teburin ba.

"Ranka shi daɗe, a bar jakarta. Ni na ƙara."

"Kai ka ƙara me?"

"Waken. Bayan na auna. Ba ta sani ba."

"'Yar'uwarka ce? Kun haɗa baki?"

"A'a. Gyara na."

Bai san kalmar ba, sai da Rifkatu ta yi masa bayani da Turanci. Ya riƙe kai, ya ce a rayuwarsa ya ga ɓarayi iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ke sata ya ba mutumin da bai roƙe shi ba. Ya ba Malama haƙuri, ya sa saurayin nan ya goge abin da ya ɗauka. Ko ya goge duka, Allah masani.

Ni jira nake ta dube ni ta ce Allah ya yi maka albarka, ko ta yi murmushi. Ta juyo a hankali.

"Ɗana, tun yaushe kake sa mini?"

"Tun zuwanki na hwarko, Mama."

Ta rufe ido. "Rayuwata duka ina koya wa 'ya'yan mutane kada su taɓa abin da ba nasu ba. Ashe na daɗe ina dafa abin da ban saya ba. Da ka tambaye ni, da na ce maka ba na so."

Duk da haka ita ta roƙi manaja kada a kira 'yan sanda, ta ce yaro ne, tarbiyyar kasuwa ce ta bi shi. Ya yarda, ya ce in ajiye riga da hula in fita ta ƙofar da na shigo. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ta bar waken a kan gilashi, alalar da ba ta ci ba ke nan. Ban sake ganinta ba. Rifkatu ta gaya mini a waya daga baya cewa ba ta ƙara taka kantin ba. Wannan abin yana damuna har yau, kuma ba na jin zai daina.

Na ƙara 'yan makonni ina tura baro, zuciyata ba ta wurin. Da damina ta matso na hau mota na dawo. Inna ta yi murna, ba ta tambaye ni komai ba. Baba ne ya bari sai da na ci na sha, sannan ya kira ni zaure.

"Korar ka anka yi?"

"I, Baba."

"Sata kay yi?"

"A'a, gyara niy yi."

Na kwashe labari na ba shi, ina ɗan ƙawata shi, don a raina na ɗauka ko duniya ta zarge ni shi zai ce na yi halin gida. Ya saurara har ƙarshe yana murza gemu.

"Matar ta ga lokacin da kaz zuba?"

"A'a."

"Waken wa na?"

"Na kanti."

"To kai dai ba ka kalle ni da kyau ba, shekarun ga duka. Ni gaban mai saye nika yi, kuma cikin buhuna."

Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Damanar nan ya yanka mini gefen gona ya ce in sa wake. Ni na shuka, ni na yi noma, ni na yi feshi, ni na yi roro, bayana kamar zai karye. Tsutsa ta ci rabi. Abin da ya tsira bai cika buhu ba. Ranar kasuwa ya sa na ɗauko shi muka zo rumfar nan, ya miƙo mini mudunsa, ya koma can inda Hafsatu take zaune ya jingina da ginshiƙi.

Wata mata ce ta fara zuwa, da goyo a baya. Muka yi ciniki, na cika mudu, na juye mata. Ta ci gaba da riƙe bakin jakarta a buɗe.

"Ina gyara, mai wake?"

Na sa hannu a buhu na ɗebo. Kun san abin da ya faru? Hannun nan da ya gagare ni a Abuja, wanda sai da na riƙa ɓoye shi a aljihu, sai na ji yatsunsa suna buɗewa da kansu, waken yana zurarewa yana komawa buhu. Kowace ƙwaya na san ranar da na sunkuya na tsinko ta. Kafin hannun ya fito, abin da ya rage bai fi a ba kaza ba.

Na saci kallon Baba. Idonsa na kaina.

"Cika hannunka, Bello."

Na mayar, na cika har yana zuba, na juye mata tana kallo. Ta ce Allah ya sa albarka, ta gyara goyonta ta wuce. Wallahi Nasiru sai da na ji shi a ƙirjina, kuma har ta ɓace cikin mutane idona yana kan jakar nan tata.

Baba ya gyara zama ya ce, "To, yau ka yi gyara."